Jaridun Ɗalibai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, 1948–1964: Tarihinsu da Harshen da Suka Zaɓa

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci adabin Afirka na zamani da aka rubuta da Ingilishi ya san sunayen Chinua Achebe da Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, mutanen nan huɗu, da wasu da dama daga cikin tsararsu, a wuri guda suka koyi sana'ar rubutu, watau a shafuffukan ƴan jaridun da ɗalibai ke fitarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, birnin da fataken Hausa ke kira Badun, a kudu maso yammacin Nijeriya. Jaridun ba su da girma, wasunsu ma takardu ne ƙalilan da aka ɗinke da ƙarfe, ba su kuma fita daga harabar makaranta sai nadiran. Amma a cikin shekara 16 sun yaye marubutan da duniya ta zo ta san su.

A wannan maƙala za mu bi tarihin jaridun nan daga buɗe kwalejin a 1948 zuwa mutuwar mujallar The Horn a 1964. Abin da ya fi damunmu a ciki shi ne batun harshe. Garin Ibadan gari ne na Yarbawa, ɗaliban kuwa kowannensu da harshen da ya sha a nono, amma duk da haka da Ingilishi aka rubuta jaridun. Ya kamata mu gane yadda haka ta faru, da kuma abin da ta haifar, domin harshen da matashi ya sami masu karatu na fari da shi, sau da yawa shi yake riƙewa har tsufansa.

1. Kwalejin da masu karatunta

An buɗe kwalejin a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104 waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba ta Ikko. Da fari an zaunar da ita a Eleyele, cikin gine-ginen wani tsohon asibitin soja da ya rage daga Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1952 ta fara ƙaura zuwa mazauninta na dindindin. Shugabanta na farko shi ne Kenneth Mellanby, masanin ƙwari daga Ingila. Ba jami'a ba ce mai cin gashin kanta a lokacin. Tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, wadda ke amincewa da tsarin karatu, ta sa hannu a jarrabawa, ta kuma ba da digiri da sunanta. Sai a 1962 ta zama Jami'ar Ibadan, bayan Kenneth Dike, masanin tarihi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta a 1960.

Kafin a fahimci jarida, tilas a san masu karanta ta. Ɗaliban Ibadan na shekarun farko ƴan ɗaruruwa ne kawai, suna kwana wuri guda, suna cin abinci wuri guda, kowa ya san kowa. Galibinsu sun fito ne daga ƴan tsirarun makarantun sakandare na gwamnati da na mishan, kamar Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda ta fitar da Achebe da Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi, da ta Ibadan wadda ta fitar da Soyinka, da King's College ta Ikko. A makarantun nan Ingilishi ne harshen aji da na ɗakin kwana, har akan hukunta yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu. Makarantun suna da mujallunsu, saboda haka da yawa daga cikin ɗaliban sun zo jami'a da sabon ganin sunansu a ƙarƙashin rubutu. Yarbawa ne da Ibo da mutanen Benin da Ijo da Efik da sauransu, ƴan Arewa kuwa ƙalilan ne ƙwarai. In aka tara su a zaure ɗaya, babu harshen da dukansu ke ji sai Ingilishi.

A wajen shingen makaranta kuma jaridun siyasa na tashe. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a cikin garin Ibadan a 1949. Ɗalibai na karanta su, sun kuma koyi cewa jarida makami ce, ana iya sukan mai mulki da ita.

2. University Herald

Jaridar da ta fi kamala a shekarun farko ita ce University Herald. Sunan yana nufin sanƙira ko mai shela na jami'a. Tana ɗauke da sharhin edita da maƙaloli da labaran ƙungiyoyi da wasanni da gajerun labarai da tallace-tallace. Ita ce fuskar da ɗalibai ke nuna wa malamansu da baƙi, don haka harshenta tsabtatacce ne, irin na wanda ke son a san ya iya.

A cikinta Achebe ya fara. Ya shigo kwalejin a 1948 da tallafin gwamnati don ya karanta aikin likita, bayan shekara guda ya sauya zuwa Ingilishi da tarihi da nazarin addinai, sauyin da ya ja masa asarar tallafin. A 1950 ya fitar da "Polar Undergraduate", wata ƴar maƙalar ba'a a kan zaman ɗalibai. Ya zama editan jaridar a shekarar karatu ta 1951–1952. Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi akwai Mabel Imoukhuede, wadda daga baya aka sani da Mabel Segun, marubuciyar waƙoƙi da littattafan yara. Ita ce mataimakiyar edita, ita ke kuma neman tallace-tallace, a zamanin da mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba a kwalejin.

Wanda ya jera rubuce-rubucen Achebe na Herald bisa shekarunsu zai ga mutum yana sauyawa a gaban idonsa. Na farkon wasa ne da harshe, irin na ɗalibin da ya karanta marubutan ba'a na Ingila yana gwada ko zai iya. Sa'an nan a 1951 ya rubuta "In a Village Church", inda ya juya ya dubi mutanen ƙauye a cikin majami'arsu. A 1952 ya fitar da labarin wani saurayi ɗan Ibo da ya auri yarinyar wata ƙabila a Ikko, ubansa ya yanke hulɗa da shi shekara takwas, har sai da labarin jikoki ya karya masa zuciya. Wannan shi ne labarin da aka sake bugawa da sunan "Marriage Is a Private Affair". A 1953, shekarar da ya gama karatu, sai ga labarin da aka sani da "Dead Men's Path". Wani matashin shugaban makarantar firamare ne, mai ɗokin zamani, ya toshe wata tsohuwar hanya da ta ratsa filin makaranta, wadda mutanen gari suka yi imani matattunsu na bi, jariran da za a haifa ma ta nan suke zuwa. Limamin gargajiya ya zo ya yi masa magana da lalama, ya ƙi ji. Da wata mace ta mutu wajen haihuwa, sai aka wayi gari an tattake furanninsa, an rushe ɗaya daga cikin gine-ginen makarantar, mai duba makarantu Bature kuma ya rubuta mummunan rahoto a kansa.

Labarin bai wuce shafi uku ba, amma ƙwayar Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, tana cikinsa: karon tsohuwar al'ada da sabuwa, ba tare da marubuci ya wanke ɗaya ya shafa wa ɗaya baƙi ba. Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne bakin limamin. A sigar labarin da aka fi sani, dattijon yana magana da gajerun jimloli masu nauyi, yana kawo karin maganar Ibo, alhali kalmomin duka na Ingilishi ne. Watau mai karatu yana jin Ibo ta cikin Ingilishi, kamar yadda ake jin ƙanshin daddawa a miya ba a gan ta ba. Wannan dabara ita ce Achebe ya rayu a kanta, ya kuma fara gwada ta ne a gaban abokan karatunsa, waɗanda rabinsu za su gane karin maganar tun daga tushe, rabi kuwa sai dai ta hanyar fassara. Da wuya marubuci ya sami ma'auni mafi wannan kyau. In ɗan Ibo ya ce maganar ta yi daidai, Bayarabe kuma ya ce ya fahimta, to aiki ya yi.

Akwai wani abin da ya faru a aji wanda ya shafi wannan sauyi. Malaman sashen Ingilishi sun sa ɗalibai karanta Mister Johnson na Joyce Cary, ƙagaggen labari na 1939 wanda aka gina a Arewacin Nijeriya, inda Cary ya yi aikin mulki. Malaman suna ganin sun kawo wa ɗalibai littafin da ya shafi ƙasarsu. Ɗaliban kuwa ba su ga kansu a cikin akawun nan mai wauta da dariya ba, suka ƙi littafin. Achebe ya sha faɗa daga baya cewa wannan na cikin abubuwan da suka sa ya ƙudura rubuta nasa. An fitar da biyu daga labaran Herald da muka ambata a cikin tarin Girls at War a 1972.

3. Jaridun zambo

Bayan Herald akwai wasu ƙananan jaridu waɗanda ba ruwansu da kamala. Mafi shahara ita ce The Bug, watau ƙwaro, kuma sunan ya dace da ita, gama cizo ne aikinta. Gulmar ɗakunan kwana, da zambon masu neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai, da ƙorafin abinci, da tsokanar ƴan mata, da muhawara tsakanin masu karatun kimiyya da masu karatun adabi, duk a nan ake samunsu, galibi a ƙarƙashin sunayen aro. Achebe ma ya yi rubutu a cikinta a 1952. Kishiyarta ita ce The Eagle, watau gaggafa, wadda Soyinka ya yi wa edita a zamansa na Ibadan tsakanin 1952 da 1954, kafin ya wuce Jami'ar Leeds a Ingila. Yawancin abin da jaridun biyu suka fi jin daɗi shi ne yi wa juna habaici.

Yadda ake buga su ya cancanci bayani, domin shi ne sirrin yawansu. Ba a kai su maɗaba'a. Ana ɗaura takardar sitansil mai kakin zuma a keken rubutu, a cire ƙyallen tawada, haruffa su huda kakin. Sa'an nan a naɗa takardar a gangar inji irin na Gestetner ko Roneo, a zuba tawada, a riƙa juya hannu, kowane juyi ya fitar da shafi guda. Mutum biyu ko uku na iya gama jarida cikin dare ɗaya, a wayi gari tana hannun masu karatu a ɗakin cin abinci. Kuɗin da ake bukata na takarda ne da tawada kurum. Wanda aka yi wa zambo da safe yana iya mayar da martani kafin mako ya zagayo.

Masana sun daɗe suna raina waɗannan takardu, amma a ganinmu a nan ne Ingilishin ɗalibai ya saki jiki. A Herald mutum yana rubutu kamar malami na kallonsa. A The Bug da The Eagle kuwa yana rubutu ne don abokinsa ya yi dariya, saboda haka ana cakuɗa manyan kalmomin Latin da maganar titi, ana kwaikwayon salon Littafi Mai Tsarki da na ƴan siyasa don a yi ba'a da su, ana ƙirƙiro kalmomin da ba su cikin ƙamus. Wanda ya san wasannin kwaikwayon Soyinka na ba'a, kamar The Trials of Brother Jero na 1960, ba zai yi mamakin jin cewa marubucinsu ya taɓa riƙe jaridar zambo ba.

4. The Horn

A ƙarshen 1957 ɗalibai suka karya shingayen waya da hukumar kwaleji ta sa a gidajen kwanansu, aka rufe makarantar na ɗan lokaci. Ƴancin kai ya ƙarato, Gana ta riga ta sami nata a watan Maris na shekarar, ɗalibai kuma sun daina ɗaukar duk abin da aka ɗora musu. Cikin wannan yanayi ne, a watan Janairu na 1958, mujallar The Horn, watau ƙaho, ta fara fitowa.

Wanda ya kawo shawarar shi ne Martin Banham, wani matashin malami da ya zo daga Leeds a 1956. A can akwai wata ƴar mujallar waƙoƙi ta ɗalibai mai suna Poetry and Audience, wadda aka kafa a 1953, ana buga ta da sitansil ana sayarwa da araha. Banham ya ga babu abin da zai hana a yi irinta a Ibadan. Ɗalibin da ya ɗauki nauyin aikin, ya zama edita na farko, shi ne J. P. Clark, ɗan ƙabilar Ijo daga yankin bakin kogin Kwara, wanda ya riga ya riƙe mujallar ƙungiyar ɗalibai mai suna The Beacon. Bayansa Abiola Irele ya karɓa, daga baya kuma Dapo Adelugba da Omolara Ogundipe suna cikin waɗanda suka riƙe ta.

Bambancin The Horn da na gabanta shi ne ta keɓe kanta ga waƙa da sharhin adabi. Ba labarin ƙwallo, ba gulma. Ta kuma jawo waɗanda suka riga suka bar makaranta. Okigbo, wanda ya gama karatun Latin da Girkanci a 1956, ya aiko mata da wasu daga waƙoƙinsa na farko. Soyinka, da ya komo daga Ingila a 1960, ya ba ta wata maƙala a kan makomar rubutun Afirka ta Yamma, inda ya yaba wa Achebe, ya kuma soki masu shelar baƙar fatarsu a waƙa. Misalin da ya kawo na gada ne: ba ta bukatar rubuta sunanta a bayanta, da tsallenta ake gane ta. Wannan shi ne asalin maganar da ta yaɗu daga baya da sunan damisa a madadin gada, wadda duk mai nazarin Négritude ya sani. Masu karatunmu da suka yi karatu da Faransanci za su tuna cewa ita kanta kalmar Négritude a jaridar ɗalibai ta fara bayyana, watau L'Étudiant noir ta birnin Paris a 1935, da alƙalamin Aimé Césaire. Ashe da aƙidar da sukanta mafi shahara duka a takardun ƴan makaranta aka haife su. Irele kuwa, editan The Horn na biyu, shi ne ya tafi Paris ya yi digirin dakta, ya zama babban mai bayyana Senghor da Césaire ga masu karatun Ingilishi.

A 1960 Banham ya tattara zaɓaɓɓun waƙoƙin ɗalibai ya fitar da su a littafi mai suna Nigerian Student Verse 1959. Gaskiya ita ce da yawansu kwaikwayo ne. Ɗaliban sun karanta Hopkins da Eliot da Yeats don jarrabawar Landan, sai suka riƙa rubutu da muryoyinsu, har da murɗa jimla da ɓoye ma'ana. Bayan shekara 20, a 1980, Chinweizu da Onwuchekwa Jemie da Ihechukwu Madubuike suka fitar da Toward the Decolonization of African Literature, suka kira wannan hali cutar Hopkins, suka ɗora wa mawaƙan Ibadan da Nsukka laifin rubuta abin da talaka ba ya ganewa. Sukan yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake sun yi wa kowa kuɗin goro. Ai ɗan koyo da kwaikwayo yake farawa, kuma amfanin mujalla irin wannan shi ne a yi kwaikwayon a fili, a sha suka, a wuce. Clark ya wuce. A 1962 ƙungiyar Mbari ta buga tarin waƙoƙinsa na farko, muryarsa kuma ta riga ta zama tasa.

The Horn ta daina fitowa a 1964. A ganinmu nasararta na cikin abin da ya rage mata ƙarfi. Lokacin da aka kafa ta, in ban da Black Orpheus da Ulli Beier da Janheinz Jahn suka fara a Ibadan a 1957, matashin mawaƙi ba shi da inda zai kai waƙarsa. Kafin 1964 an kafa Mbari a 1961, an kafa mujallar Transition a Kampala a wannan shekara, kamfanin Heinemann kuma ya fara jerin African Writers Series a 1962, Achebe na ba shi shawara kan littattafan da za a buga.

5. Me ya hana harsunan gida shiga?

Dalili na farko mun riga mun faɗe shi: masu karatu ba su da harshen tarayya sai Ingilishi. Edita da ya buga waƙa da Yarbanci ya san ya rufe wa rabin masu sayen jaridarsa ƙofa, a kuma lokacin da siyasar ƙabilanci ke ƙara zafi a ƙasar, za a iya fassara abin da wata manufa. Wannan dalili ne mai ƙarfi, ba a kuma iya kawar da shi da fatar baki.

Na biyu shi ne na kayan aiki da ƙa'idojin rubutu. Keken rubutu na ofis an ƙera shi ne don Ingilishi. Ba shi da ɗigon da Yarbanci ke sa wa wasu haruffa a ƙasa, ba shi da alamomin karin sauti, sai dai a bi sitansil da hannu ana ƙarawa, aikin da duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ a kan kakin sitansil ya san wahalarsa. Harshen Ibo kuma yana da tasa matsalar, domin an shafe shekaru kusan 30 ana jayayya tsakanin tsarin rubutu biyu, ba a sasanta ba sai da kwamitin Onwu ya fitar da nasa a 1961. Ɗalibin Ibo na 1952 da ya so rubutu da harshensa sai ya fara zaɓen ɓangare.

Amma wannan uzuri bai isa ga Yarbanci ba. An daidaita rubutunsa tun taron 1875, an buga jarida da shi tun 1859, watau Iwe Irohin ta Abeokuta, littafin D. O. Fagunwa na farko kuma ya fito a 1938, yara na karanta shi a makarantun firamare ko'ina a ƙasar Yarbawa. A Arewa ma Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa daga Zariya tun 1939. Ke nan ba a rasa misalin jarida ko littafi da harshen gida ba. Abin da aka rasa shi ne martabar harsunan a cikin shingen jami'a. Ana koyar da Latin da Girkanci har zuwa digiri, amma babu sashen harsunan Nijeriya sai a 1962. Ɗalibi ya taso yana ganin harshen gida na firamare ne da kasuwa da majami'a, Ingilishi kuwa na tunani mai zurfi. Ba wanda ya kafa dokar hana rubutu da Yarbanci a Herald. Ba a bukaci dokar ba.

Harshen da ya sami ƴar kafa ya shiga shi ne Buroka, domin shi ma na tarayya ne, ana kuma iya buga shi da kowane keken rubutu. Frank Aig-Imoukhuede, ƙanen Mabel Segun, ɗalibi a zamanin The Horn, ya rubuta waƙar "One Wife for One Man" da Buroka, inda wani mutum ke kukan dokar mace ɗaya da majami'a ta kawo. Waƙar ta shiga manyan tarin waƙoƙin Afirka. Sai dai ta ƙofar raha ta shigo, an kuma daɗe ana ganin Buroka bai dace da komai ba sai ban dariya.

Muhawarar da jaridun ba su yi ba, tsofaffin ɗalibansu suka yi ta a fili daga baya. A watan Yuni na 1962 aka yi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi a Makerere ta Uganda, Achebe da Soyinka da Okigbo da Clark duk sun halarta. A 1963 Obiajunwa Wali, shi ma tsohon ɗalibin Ibadan, ya rubuta a Transition cewa adabin Afirka da harsunan Turai hanya ce da ba ta ɓullewa, muddin ba a koma ga harsunan Afirka ba. Achebe ya amsa a mujallar a 1965 cewa an ba shi Ingilishi, zai kuma yi amfani da shi, amma sai ya lanƙwasa shi ya ɗauki nauyin rayuwar Afirka. Wannan amsa bayani ce ta abin da ya riga ya yi a Herald shekara 12 kafin nan. A taron Makerere akwai wani ɗalibi ɗan Kenya, James Ngugi, wanda shi ma a mujallar ɗalibai ta can, Penpoint, ya fara fitar da labaransa. Shi ne daga baya, da sunan Ngũgĩ wa Thiong'o, ya bi shawarar Wali ya koma rubutu da Gikuyu daga 1977.

6. Abin da ya biyo baya

Takardar sitansil ba ta da ƙarko, ba a kuma ɗauki jaridun a matsayin abin ajiya ba sa'ad da suke fitowa. Sai da marubutansu suka yi suna sa'an nan masu bincike suka shiga farautar kofe-kofen da suka saura a laburaren Ibadan da akwatunan tsofaffin ɗalibai. W. H. Stevenson ya rubuta tarihin The Horn a mujallar Research in African Literatures a 1975, Bernth Lindfors kuma ya bi sawun rubuce-rubucen ƙuruciya na Achebe da Soyinka a littafinsa Early Nigerian Literature na 1982. Yawancin abin da aka sani a kan The Bug da The Eagle ta hannun irin waɗannan masu bincike ya zo.

Wasu daga cikin editocin sun komo ga harsunan gida ta wata hanya, watau fassara da tattara adabin baka. Soyinka ya fassara littafin Fagunwa na 1938 zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1968 da sunan The Forest of a Thousand Daemons. Clark kuwa, a 1963, shekara biyar bayan ya fitar da The Horn ta farko, ya sami wani gwanin labari ɗan Ijo mai suna Okabou Ojobolo a cikin garin Ibadan, ya ɗauki muryarsa a faifai yana ba da labarin jarumi Ozidi, wanda bisa al'ada ake kwana bakwai ana bayarwa. Rubuta labarin da harshen Ijo da fassara shi ya ci shekara 14. Littafin, The Ozidi Saga, ya fito a 1977 daga maɗaba'ar Jami'ar Ibadan tare da ta Oxford, Ijo da Ingilishi suna kafaɗa da kafaɗa a kowane shafi.